Idan Na'urar Riƙe Gudu Ta Ƙi Kamawa: Yadda Ake Bin Sawun Cutar Lantarki a Mota

Gabatarwa

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce, a kan hanyar da ta bi ta Ambursa ta miƙe har Sakkwato. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Birnin Kebbi babban birninta, ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makarantu suke zirga-zirga a kan wannan hanya safe da yamma. Da yawa daga cikin motocin da ke binta a yau tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin a shigo da su, irin waɗanda jama'a suka saba kira 'yan Kwatano. A jikin sitiyarin galibinsu akwai wasu 'yan maɓallai, ko wani ɗan hannu a gefe, na na'urar da ke riƙe wa mota gudu ba tare da direba ya ɗora ƙafa a kan totur ba. Direbobi suna kiranta kuruz.

A ɗauka cewa wani ma'aikaci da ke zaune a Argungu yana aiki a Birnin Kebbi yana da irin wannan mota. Shekara biyu yana amfani da na'urar lafiya lau. Bayan wata damina mai ruwa da yawa sai ta fara taurin kai: yau ta kama, gobe ta ƙi, wani lokaci kuma ta kama, amma da zarar motar ta faɗa ɗan rami sai ta saki. Da ya kai ta gareji, sai bakanike ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, sai an sake wata." Kuɗin wannan ƙwaƙwalwa kuwa ba ƙarami ba ne, kuma idan an sake ta ciwon bai warke ba, babu mai mayar masa da ko kwabo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu yadda ake gano inda irin wannan cuta ta ɓuya ta hanyar awo da tunani, daki-daki, kamar yadda likita yake bin sawun ciwo a jijiyoyin jikin ɗan Adam.

Asalin na'urar

Tunanin a sa inji ya daidaita gudun kansa ya girmi mota. A shekarar 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururi wata na'ura mai ƙwallaye biyu masu juyawa. Idan injin ya yi gudu fiye da kima sai ƙwallayen su buɗe, su rage tururin da ke shiga. Idan ya yi sanyi sai su rufe, su ƙara. A 1868 James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafin da ke ƙarƙashin wannan dabara.

Wanda ya kawo ta cikin mota ta zamani shi ne Ralph Teetor, wani injiniya ɗan jihar Indiyana ta Amurka, wanda ya makance tun yana ɗan shekara biyar. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, sannan kamfanin Cadillac ya bi baya da sunan da aka san ta da shi har yau. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ba ya ganin maleji shi ne ya fi kowa jin yadda gudun mota ke hawa da sauka a ƙarƙashin ƙafar direba.

Yadda take aiki

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin wannan tsari a jikin dabbobi. Zafin jikin mutum yana tsayawa kusa da digiri 37 ko da kuwa a watan Afrilu ne, lokacin da zafin rana a kwarin Rima yake haura digiri 40. Jijiyoyin ji suna kai rahoton zafi ga wani sashe na ƙwaƙwalwa, shi kuma ya gwada rahoton da mizanin da ya kamata, sannan ya ba da umarni a yi gumi ko a yi makyarkyata. Sakamakon umarnin sai ya sake komawa ga jijiyoyin ji, a sake awo. Walter Cannon, masanin aikin gaɓoɓi na Jami'ar Habad, shi ne ya raɗa wa wannan daidaito suna a 1926.

Na'urar riƙe gudu ita ma sassa uku gare ta. Na farko su ne masu kawo rahoto: sansar gudu da ke jikin giya ko ƙafafun mota, da maɓallan sitiyari, da makunnin da ke bayan fedar burki, da na kuloci idan motar mai giyar hannu ce. Na biyu shi ne mai yanke hukunci, wato ƙwaƙwalwar mota, wadda ke gwada gudun da ake yi da gudun da direba ya zaɓa. Na uku shi ne mai aikatawa, wanda ke buɗe totur ko ya rufe shi. A tsofaffin motoci wani ɗan ganga ne mai aiki da zuƙar iskar inji yake jan wayar totur. A waɗanda suka biyo baya ƙaramar motar lantarki ce. A na yanzu kuwa babu wayar totur sam, ƙwaƙwalwa ce ke juya bakin totur kai tsaye da lantarki. Wayoyi da soket-soket da fis-fis su ne jijiyoyin da suka haɗa waɗannan sassa uku.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan na'ura da ya wajaba mai gyara ya riƙe a zuci: an gina ta ne a kan ta janye hannu da zarar ta yi shakka. Ba ta kamawa sai gudu ya kai kimanin kilomita 40 a sa'a. Ba ta kamawa idan ta ji alamar an taka burki, ko rahoton gudu ya yanke, kuma a motoci da dama ba ta kamawa muddin fitilar gargaɗin inji ko ta burki tana kunne. Dalili kuwa a fili yake: na'urar da ke da ikon buɗe totur, idan ta yi aiki da rahoton ƙarya, rai take iya ɗauka. Saboda haka ƙin kamawarta sau da yawa shaida ce cewa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, tana dai kiyaye ƙa'ida ne, kuma wani daga cikin masu kawo mata rahoto ne ya yi shiru ko yake faɗin abin da ba shi ne ba.

Cututtuka uku na da'irar lantarki

Lantarki ba ya aiki sai ya kewaya. Yana fita daga batir, ya bi ta fis da makunni, ya shiga abin da zai yi wa aiki, sannan ya koma batir ta ƙarfen jikin mota, wanda shi ne hanyar komowa. Manoman shinkafa na fadamun Argungu za su gane wannan da sauri idan aka kwatanta shi da ban-ruwa. Ƙarfin turin injin ruwa shi ne bolt. Yawan ruwan da ke gudana a cikin mesa shi ne amfiya. Ƙuncin mesar, ko dattin da ya tare ta, shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Georg Ohm, Bajamushe, ya bayyana dangantakarsu a 1827: idan aka ninka amfiya da om sai a sami bolt.

Duk yawan wayoyin mota, cututtukan da ke kama da'ira iri uku ne. Na farko yankewa: waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko soket ya zare, lantarki ya rasa hanya. Na biyu haɗewa: robar waya ta goge, tagulla ta taɓa jikin mota ko wata wayar, lantarki ya yi yanke ya koma ba tare da ya yi aikin da aka aike shi ba. Na uku yawan turjiya: hanya tana nan amma ta ƙuntata saboda tsatsa ko sakin haɗi. Wannan na uku shi ne ya fi wahalar ganewa, domin yakan zo ya tafi.

Yanayin kwarin Rima yana taimaka wa dukkan ukun. Zafin bazara yana busar da robar wayoyi har ta riƙa tsagewa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin makunnai. Damina kuwa, musamman a shekarun ambaliya irin 2012 da 2020 da gulbi ya cika ya batse, takan sa motoci su ratsa ruwa, laima ta kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, tagullar soket ta yi kore. Inda ake ajiye mota kusa da buhunan hatsi kuma, ɓeraye sukan shiga su gwaigwiyi wayoyi, domin haƙoransu na gaba ba su daina girma, dole su riƙa goga su.

Mataki na farko: tambaya

Likita nagari ba ya fara da wuƙa. Haka ma mai gyaran wutar mota: kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya, sai ya tambayi mai mota. Yaushe abin ya fara? An yi wani aiki a motar kafin nan, kamar sa rediyo, ko na'urar hana sata, ko sake ƙwan fitilar baya? Idan an danna maɓallin kunnawa, 'yar fitilar na'urar tana bayyana a gaban direba ko ba ta bayyana? Wane abu ne kuma ya daina aiki a lokaci guda?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi amfani. Idan mutum ya ce ɗan ƙaramin yatsansa da rabin na kusa da shi sun mutu, likita ya san jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu ce ta sami matsala, domin ita ce ke hidimar waɗannan yatsu biyu. Haka abin yake a mota. Idan maleji ya daina motsi tare da na'urar, a nemi sansar gudu. Idan hon ya mutu kuma fitilar jakar iska ta kunnu, a nemi naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari, wadda ke ɗauke da saƙon hon da na maɓallai da na jakar iska gaba ɗaya, kuma takan tsinke saboda yawan juyi. Idan fitilun burki ba su kamawa, ko sun ƙi mutuwa, a nemi makunnin burki ko fis ɗinsa.

A motar ma'aikacin Argungu, 'yar fitilar tana bayyana, maleji yana aiki, hon yana kuka, fitilun burki suna kamawa suna mutuwa daidai. Wannan kaɗai ya wanke sassa da yawa ba tare da an taɓa su ba. Sauran alamu biyu suka rage a hannu: ciwon ya fara bayan damina, kuma girgiza tana tayar da shi.

Mataki na biyu: abubuwa masu sauƙi

Ana fara awo daga batir, domin idan tushe ya yi rauni duk wani awo na gaba yaudara ne. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji yana kashe, idan kuma yana aiki mita za ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7. Daga nan sai fis. Duban ido ba ya wadatarwa, domin fis yakan tsage a inda ido ba ya gani. A auna ɓangarorinsa biyu, a tabbata wuta tana shiga tana fita. Fis ɗin da ya ƙone kuwa alama ce, domin wani abu ne ya ƙona shi. Idan an sa sabo ya sake ƙonewa, to akwai haɗewa a gaba, kuma ita za a nema.

Sai ƙwayayen fitilar burki. A wasu tsofaffin motoci, na'urar tana gane cewa ba a taka burki ba ne ta hanyar ɗan lantarkin da ke komawa ta cikin zaren waɗannan ƙwayaye. Idan duk sun ƙone, ko an musanya su da ƙwayayen zamani masu cin wuta kaɗan, sai na'urar ta ɗauka ƙafar direba tana kan burki, ta ƙi kamawa. Haka kuma a leƙa bayan fedar burki. A motoci da yawa akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga wadda ke danne hancin makunni idan an saki feda. Zafi da tsufa sukan farfasa ta, gutsattsarinta su zubo a kan shimfiɗa, fitilun burki su kwana a kunne, batir ya wayi gari babu caji.

Mataki na uku: a tambayi ƙwaƙwalwar kanta

Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lambobin cuta. Tun da yawancin motocin da ake magana a kansu daga can suka fito, ko an ƙera su bisa irin wannan tsari, kusan kowace tana da shi. Lambar P0500 tana nufin matsala a da'irar sansar gudu. P0571 tana nufin da'irar makunnin burki. P0504 tana nufin rahotanni biyu na makunnin burki sun saɓa wa juna. P0564 kuwa tana nuni ga da'irar maɓallan sitiyari.

A nan ne masu gyara da yawa suke tuntuɓe. Lamba tana nuna unguwar da cuta take, ba ta nuna gidan. Idan ta ce da'irar makunnin burki, wannan ya haɗa da makunnin, da fis, da wayoyi, da kowane soket da ke kan hanya har zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga lamba ya ruga kasuwa ya sayo sabon makunni, caca ya yi.

Lambar da ta fito a motar da ake misali da ita P0504 ce. Don a fahimce ta, sai a san cewa makunnin burki na motocin zamani makunnai biyu ne a gida ɗaya. Ɗaya a buɗe yake, sai an taka burki yake rufewa ya kunna fitilu. Ɗayan a rufe yake, yana aika wa ƙwaƙwalwa wuta kullum, sai an taka burki yake yankewa. An yi haka ne da gangan: idan wayar na biyun ta tsinke, ƙwaƙwalwa za ta ɗauke shi tamkar an taka burki, ta saki totur. Kuma tana gwada shaidun nan biyu a kowane lokaci. Idan ɗaya ya ce an taka, ɗaya ya ce ba a taka ba, sai ta ƙi amincewa da su duka.

Na'urar karatu mai kyau tana iya nuna abin da ƙwaƙwalwa ke ji a daidai wannan lokaci. Sai mai gyara ya sa yaronsa ya zuba wa allon ido, shi kuma ya riƙa girgiza dauren wayoyi da hannu, wuri bayan wuri. Idan rahoton burki ya yi tsalle alhali babu wanda ya taɓa feda, an kusa isa gidan.

Mataki na huɗu: awo da rabawa biyu

Yanzu ake buƙatar taswirar wayoyin motar da mita. Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Mita tana jan lantarki kaɗan ƙwarai, don haka idan aka zare soket aka auna bakin waya, tana iya nuna bolt 12 ko da zaren tagulla ɗaya tak ya rage, ko tsatsa ta kusa toshe hanya. Mesar da ta toshe ma, idan an rufe bakinta, sannu a hankali takan cika ta yi tauri. Sai an buɗe ake gane ruwan ɗigo yake yi. Saboda haka awon gaskiya shi ne wanda aka yi da'ira tana haɗe kuma tana aiki.

Alal misali, ƙwan fitilar burki mai wat 21 yana jan kimanin amfiya 1.75, guda biyu ke nan amfiya 3.5. Idan tsatsa ta ƙara om 1 kacal a hanyarsu, kusan bolt 3 za su salwanta a wannan wuri, su zama zafi, fitilu su dushe. Mai gyara yakan ɗora bakin mita ɗaya kafin haɗi, ɗaya bayan haɗi, ya karanta abin da ya faɗi a tsakani. A lafiyayyen makunni ko soket bai kamata faɗuwar ta wuce bolt 0.2 zuwa 0.3 ba. Wayoyin da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa kuwa lantarkinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ɗan siririn tsatsa da wutar fitila za ta iya ratsawa yake iya toshe su ɗungum.

Dabarar rabawa biyu ita ce ke rage wahala. Idan wuta tana nan a farkon hanya amma babu ita a ƙarshe, ba a bin waya taku-taku. A auna a tsakiya. Idan tana nan, cuta tana rabin gaba. Idan babu, tana rabin baya. Sai a sake raba wannan rabin. Ta haka hanyar da ke da mahaɗai 16 awo 4 kacal take bukata. Likitocin jijiya suna yin makamancin wannan idan suna neman inda jijiya ta matse: su zaburar da ita a wuyan hannu, su zaburar a gwiwar hannu, su ga a wane tsakani saƙo ya yi jinkiri.

Da aka bi wannan hanya a motar ma'aikacin, an sami cikakkiyar wuta a bakin makunnin burki, amma a bakin ƙwaƙwalwa tana zuwa tana ɗaukewa. A tsakiyar hanyar akwai wani soket a gefen ƙafar direba, daf da shimfiɗa. Da aka zare shi sai ga bakinsa ɗaya ya yi kore shar, ragowar ruwan da ya shiga motar da damina. Aka wanke shi da maganin wanke soket, aka matse bakin, aka shanya shimfiɗa, aka goge lambar, aka fita gwaji a kan hanya. Ƙwaƙwalwar da aka so a jefar ba ta taɓa yin laifin komai ba.

Da zargi ya faɗa kan maɓallan sitiyari ne, da awon turjiya za a yi. Don a rage yawan wayoyi, masu ƙira sukan sa dukkan maɓallan a kan waya guda, kowane da turjiyarsa, ƙwaƙwalwa kuma ta gane wanda aka danna daga adadin da ta ji. A motocin Toyota da dama, alal misali, maɓallin komawa gudu yana ba da kimanin om 240, na saita gudu om 630, na sokewa om 1,540. Idan datti ya ƙara turjiya, sai ƙwaƙwalwa ta ji wani maɓalli daban, ko ta kasa gane kowane. Amma a nan akwai kashedi babba: kafin a taɓa sitiyari sai a cire kan batir a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma kada a kuskura a sa mita ko fitilar gwaji a kan wayoyi da soket masu launin rawaya, domin na jakar iska ne, kuma ɗan lantarkin mita yana iya tayar da ita a fuskar mai gyara.

Haɗarin gyaran yanke

Akwai gyare-gyare biyu da ake gani a wasu gareji waɗanda sun fi cutar muni. Na farko shi ne naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin wayoyi. Idan aka hana shi mutuwa, wayoyin ne za su ƙone, wani lokaci har da motar. Na biyu shi ne haɗe wayoyin makunnin burki don na'urar ta kama. Wanda ya yi haka ya toshe wa ƙwaƙwalwa kunnen da take jin burki da shi, ta yadda direba zai iya taka burki inji kuwa yana ci gaba da turi.

Tarihin ƙera motoci ya nuna cewa wannan da'ira ba abin wasa ba ce. Tsakanin 1999 da 2009 kamfanin Ford ya kira motoci fiye da miliyan 14 don a gyara wani ɗan makunni da ke kashe na'urar riƙe gudu. Makunnin yana jikin tukunyar man burki, kuma a yawancin motocin wuta tana kansa ko an cire makulli. Idan tantanin da ya raba mai da lantarki ya tsage, sai mai ya shiga, tsatsa ta biyo baya, wuri ya yi zafi, mota ta kama wuta tana ajiye. Gyaran da aka yi wa galibinsu shi ne ƙara waya mai fis. A watan Mayu na 2018 kuma kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kimanin miliyan 4.8 a Amurka, saboda an gano cewa idan wata haɗewar waya ta auku a daidai lokacin da na'urar ke ƙara gudu, tana iya ƙin sakin totur. Tun da tsofaffin motocin Amurka suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma, ya kamata mai irin waɗannan motoci ya bincika da lambar jikin motarsa ko an yi mata gyaran.

Idan har ta faru na'urar ta ƙi saki ana cikin tafiya, abin yi shi ne direba ya danne burki da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, ya mayar da giya firi, ya gangara gefen hanya, sai motar ta tsaya sannan ya kashe inji. Har ila yau, ko lafiyarta lau, ba a amfani da ita cikin ruwan sama, ko cikin ƙura mai rufe ido, ko a inda shanu da jakuna da amalanke ke ƙetare hanya, ko a ranakun cunkoso irin na bikin kamun kifi na Argungu. Ba ta kuma halatta wa kowa ya wuce iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa ƙananan motoci, wato kilomita 80 a sa'a a babbar hanya da 100 a tagwayen hanyoyi.

Kammalawa

Abin da ake buƙata don wannan aiki bai fi ƙarfin matsakaicin gareji a Birnin Kebbi ko Argungu ba: mita, da na'urar karanta lambobi, da taswirar wayoyi, da haƙurin bin tsari. A fara da tambaya, a duba batir da fis da ƙwayayen fitila, a saurari abin da ƙwaƙwalwa ke faɗa, a auna da'ira tana aiki, a raba hanya biyu-biyu har a kai ga gidan cuta, sannan a gwada bayan gyara. Ɗaliban fasaha na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da makamantansu suna da rawar takawa wajen kai wannan ilimi ga yaran da ke koyon sana'a a gareji, domin motocin da ke shigowa kullum ƙara dogaro suke yi da lantarki.

Shi kuma mai mota, ko bai taɓa riƙe mita ba, yana da haƙƙin yin tambaya guda kafin ya biya kuɗin kowane sabon kaya: "Maigida, wane awo ka yi da ya nuna maka wannan ne ya lalace?" Mai gyaran da ya san aikinsa zai ɗauko mita ya nuna masa.